Kaskon Turaren Ya Falmata

Toranke, ƙasar Ajingi
Ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga 'yata Yalwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe takardar nan cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare min ke tun daga tashar Ajingi, ki wuce Gaya, ki haye gadar Wudil, ki sauka Kano ƙafarki ƙalau, kayanki cif.

Na san za ki yi dariya. Ga ki can a ɗaki kina ninke zannuwa, ina jin motsinki, ni kuma ina zaune a gindin rumbu ina rubuta miki takarda kamar kina Makka. Kin san halina. Ke ce 'yar fari, ban saba kallon idonki in yi miki doguwar magana ba, ko sunanki na yanka ban taɓa kira ba. Zan sa takardar a ƙasan akwatinki tare da wani ƙulli na farin ƙyalle. Kada ki kwance ƙullin sai kin kai ƙarshen karatu. In kin ga wani harafi ya karkace, malama, kada ki ɗauko jan biro, rubutun ajin yaƙi da jahilci ne.

Aikin da kika samu na raka baƙin ƙasashen waje su ga gari ya faranta min rai. An ce ke za ki riƙa shiga da matan cikinsu cikin gidaje, inda namiji ba ya wuce zaure. Babanki bai yarda da tafiyar ba sai da na ce a hannun Ya Falmata za ki zauna a Fagge, tsohuwar maƙwabciyarmu Babarbariya, wadda ta goya ki kina ƙarama. Na aika mata da saƙo ta bakin direban motar kasuwa. Ya dawo ya ce ta ce ki zo, ɗakinta ɗakinki ne. Sai ta tambaye shi wane aiki za ki yi. Da ya gaya mata, sai ta ce, "Ka ce wa Bafillatanar nan, ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Babanki ya yi dariya, ya ɗauka yabo ne. Ni na san abin da take nufi. Na taɓa raka baƙi ɗakin matar nan, kuma abin da ya faru a ranar har yau ban gyara shi ba. Ke za ki kwana a ɗakin, ki ci abincinta, ki fita kullum ki yi aikin da ya jawo mata asara. Ba zan bar ki ki shiga gidan a makance ba.

Bari in faro miki daga farko. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba babanki ya samu aikin masinja a wani kamfanin sayen gyaɗa a Kano. Muka hau mota a kan buhuna, kina kan cinyata. Muka kama ɗaki a wani gidan haya a Fagge, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Ni da ban taɓa wuce kasuwar Gaya ba, na wayi gari ina jin yare kala-kala kafin in wanke fuska. Ga Nufawa, ga Yarbawa, ga Barebari, ga wani Buzu mai gadi da ke dafa shayi a zaure. Tsoro ya kama ni, sai na rufe shi da girman kai.

Ran da muka sauka, Iya Sikira, Bayarbiyar da ke ɗakin kusa da rijiya, ta aiko min da kwanon abinci. Na buɗe na ga tuwo baƙi wuluk da miya ja mai manja. Na shinshina, na ce a raina wannan ba abincin mutane ba ne. Na zagaya bayan ɗaki na juye wa akuyar mai gidan, na wanke kwano na mayar mata da shi wayam. Ban gama goge hannu ba akuyar ta fito tsakar gida tana taƙama, gemunta jawur da manja. Iya Sikira ta gani. Washegari ta sake aiko da wani kwanon.

Ranar ne wata doguwar mata mai zane a fuska ta ɗaga labulena ba ko doguwar sallama, ta ce, "Ke Bafillatana, akuya ta ce a gode miki, amma yau a rage barkono." Ya Falmata ke nan. Ta ji cewa kakannina Fulanin Ajingi ne, kuma kin san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Ta zauna, ta ja kwanon, ta gutsura ta ci, ta tura min. Na ci don kunya, sai na ga na sa loma ta biyu ba don kunya ba. Ta ce min, "A gidan nan ba a mayar da kwano wayam. Ki zuba mata ko gyaɗa ce, tunda ita kaɗai kuka iya."

Don haka Yalwa, duk inda aka miƙo miki abinci ki sa hannu, ko loma ɗaya ce. Mutumin da ya baro garinsu, tukunyarsa ce ragowar garin nasu, in kika raina ta kin raina uwar da ta koya masa. Baƙinki ma ki gaya musu tun a waje, kafin ku yi sallama, cewa za a kawo ruwa ko fura ko abin da ya samu. Wadda ba za ta iya ba ta karɓa da hannu biyu ta taɓa a leɓe. Kada ki bari wata ta yamutsa fuska a tsakar gidan mutane.

Kuskurena na biyu ya fi na farko wauta. Da na fara wayewa sai na koma jin kunyar inda na fito. Na ɓoye ƙoreina da faya-fayaina a ƙarƙashin gado, na jera kwanukan kanti. Mundayen azurfar da Goggo, mahaifiyata, ta sa min a hannu ranar aurena, na cire su na ƙulle, wai sun yi nauyi, sun yi ƙauyanci. In aka tambaye ni mutanen ina ne, sai in ce, "Nan kusa." Wata rana Ya Falmata ta ji ni. Ta ce, "Nan kusa ba gari ba ne. Ko a kan saniya aka haife ki, ai saniyar a wani wuri ta tsaya." Ita kuwa ko ba a tambaye ta ba sai ta gaya maka daga Barno take, ta faɗi garinsu, ta faɗi unguwa, ta faɗi sunan kakarta. Mijinta yana fataucin kanwa da bandar kifi, shi ta biyo zuwa Kano, amma in ka shiga ɗakinta ka rufe ido sai ka rantse ba a Kano kake ba, saboda ƙanshin turaren wuta.

Ke kada ki yi irin tawa. In baƙinki suka tambaye ki, ki ce ke 'yar Toranke ce, ƙasar Ajingi a yankin Gaya, babanki manomi ne. Manya suna cewa maƙeran da suka fara hura wuta a gindin Dala daga Gaya suka tashi. Allah Shi Ya san gaskiyar abin, ki faɗe shi a matsayin abin da manya suka ce, kada ki ƙara gishiri. Amma ki riƙe a ranki cewa birnin nan da za ki nuna, baƙi ne suka tara shi, wasu sun riga wasu zuwa ne kawai. Wadda take jin kunyar ƙwaryar uwarta ba za ta iya nuna ta wani da mutunci ba.

To, yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Ya Falmata tana da wani kaskon turare na tagulla, mai ƙafa uku, da murfi mai ƙananan huji inda hayaƙi ke fita. Ba shi da girma, hannu ɗaya yana ɗaukarsa. Gefensa ɗaya ya ɗan lotsa, ta ce raƙumi ne ya taka kayan kakarta a hanya. Daga kakarta ya zo hannun mahaifiyarta, daga nan ya zo nata. A gidansu da shi ake turara amarya ranar da za ta tafi, sannan a naɗe shi a kayanta, babbar 'ya mace ita ke tafiya da shi. Duk gidan hayar nan kowa ya san na Yagana ne, 'yarta, wadda take yi miki kitso kina kuka. A kan wata 'yar kantar ajiye kaya yake zama a kusurwar ɗaki, kullum da la'asar ta zuba garwashi ta barbaɗa turare.

Manajan kamfanin su babanki Bature ne, matarsa tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, muna ce mata Madam. Ƙanwarta ta zo hutu daga ƙasarsu. An kai ta ta ga ganuwa, ta ga marina, ta ga kasuwar Kurmi, sai ta ce tana so ta ga yadda mata ke zaune a cikin gida. Babanki ba shi da ikon shiga da su, sai aka ce ni. Ya ce min in faranta musu, amma ba zan jingina masa laifin ba. Ni ce na ji daɗi. Mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, duk layin aka fito ana kallo, ni ce a gaba, Turawa biyu a bayana. Kaina ya yi girman da ko ɗankwali bai so ya zauna ba.

Na nuna musu ɗakina, ba su ga komai ba sai kwanukan kanti irin waɗanda ake kawowa daga ƙasarsu. Na ga ba su burge ba. Sai na ce a raina bari in kai su inda za su buɗe baki. Ban aika ba, ban tambaya ba, na ɗaga labulen Ya Falmata kamar yadda take ɗaga nawa. Ta tashi da fara'a ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta ce, "Yau baiwata ta kawo min manyan baƙi." Lokacin la'asar ne, kaskon yana hayaƙi.

Ƙanwar Madam ta durƙusa a gabansa. Ta kalle shi, ta shafa ƙafarsa da yatsa, ta yi magana da yarensu. Madam ta ce, "Ta ce yana da kyau." Ya Falmata ta ce, "Madalla." Yarinyar ta sake magana, idonta yana ƙyalli. Madam ta ce, "Ta ce ba ta taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba. Ta ce tana sonsa ƙwarai."

Kin san al'adar, amma bari in faɗa miki ita ɓaro-ɓaro, don makaranta ba ta koyar da ita. In baƙo ya yaba abu a ɗakinki, ya maimaita, har ya ce yana so, kara ba ta barin ki bar shi ya fita hannu sake. Mai abu ba ta da bakin hanawa. Amma waɗanda suka kafa al'adar ba wawaye ba ne, sun bar mata ƙofa. Wanda ya kawo baƙon shi ke buɗe baki ya ce, "Ai wannan an riga an yi wa wance alkawarinsa." Sai a yi dariya, baƙo ya ce Allah Ya sa albarka, mai abu ta tsira da kayanta da mutuncinta. Na san wannan tun ina yarinya. Na sha ganin Goggo ta yi wa maƙwabta a nan Toranke.

Ya Falmata ta juyo ta kalle ni. Ba ta yi min alama ba, ba ta ɗaga gira ba, kallo kawai, tana jira. Abin da zan ce bai fi numfashi ɗaya ba: na auren Yagana ne. Sai na tuna motar da ke waje, da aikin babanki, da yadda za a ce matar masinja ta kai baƙi sun fito da murna. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmin Madam.

Ya Falmata ta tashi. Ta juye garwashin a murhu, ta jira kaskon ya huce, ta goge shi da gefen mayafinta ciki da waje, ta naɗe shi a wani sabon ɗankwali, ta miƙa da hannu biyu. Yarinyar ta buɗe jaka za ta ba da kuɗi. Ya Falmata ta mayar da hannuwanta baya ta ce, "Baƙo ba ya sayen abu a ɗakina." Yarinyar ta rungume ta har da hawaye don murna. Yagana tana tsaye a bakin ƙofa da tulu a kai, ta bi ɗankwalin da ido har aka fita da shi.

Kada ki ɗauka Baturiyar nan muguwa ce. Ba ta san komai ba. A wurinsu in ka ce abu yana da kyau, ka faɗi ra'ayinka ne kawai. Bayan ta hau jirgi ta tafi, abin ya hana ni sakat, na sa babanki ya kai ni wurin Madam na gaya mata gaskiya. Ta dafe ƙirji ta ce, "Me ya sa ba ki faɗa mini ba a lokacin?" Ta ce za ta rubuta wa ƙanwarta. Ba a jima ba aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, suka tafi, ban sake jin ɗuriyarsu ba. Kin ga mutum biyu na zalunta da shiru ɗaya. Na raba Ya Falmata da kayan kakarta, na kuma sa baiwar Allah ta tafi da abin da ba za ta taɓa karɓa ba da ta san na waye.

Da Ya Falmata ta zage ni da na samu sauƙi. Washegari muka haɗu a bakin rijiya, ta ce, "Ina kwana, maman Yalwa? An tashi lafiya?" Cikin ladabi, kamar ta ga matar alƙali. Babu Bafillatana, babu baiwata, babu maganar nono da saniya. Ban san wasa yana da nauyi ba sai da aka ɗauke shi. Ban da wannan ba abin da ta rage min. Da na haifi ƙaninki Sani ita ta dafa min ruwan wanka har na yi arba'in, ita ta goya ki, ita ta dama min kunun kanwa. Na sha zuwa in ba ta haƙuri. Sai ta ce, "Me kika yi? Baƙuwarki ai baƙuwata ce." Da wannan take rufe maganar, ta miƙo min goro.

Ina nan aka yi bikin Yagana. Dangi suka zo daga Barno. Da aka zo turara amarya sai aka fito da kaskon yumɓu sabo fil, irin na kasuwa. Wata tsohuwa, ƙanwar mahaifiyar Ya Falmata, ta dube shi ta yi tambaya da yarensu. Ban ji yaren ba, amma na gane tambayar. Ya Falmata ta amsa da Hausa, a hankali, ba ta kalli inda nake ba. Ta ce, "Ya yi tafiya." Na fita na zauna a bayan rijiya na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ni gidan babanki.

Yalwa, ki saurare ni da kyau. A wannan aiki naki ke ce ƙyauren gidan mutane. Baƙo ko da idonsa makaho ne, bai san inda zai taka ba. Mai gida kuma kunya ta ɗaure mata baki. Ke kaɗai ce a tsakani kike da ido da baki. In kika yi shiru, babu mai magana.

Kada ki shiga da kowa gidan da ba ki aika tun jiya an amsa miki ba, ko da gidan ƙawarki ne, musamman ma gidan ƙawarki. Ki tambayi matar da za a shiga ɗakinta ita da kanta, izinin mai unguwa ko na maigida bai isa ba. Kuma ki koyi jin amsa. In mace ta ce miki, "To, ba komai," tana kallon ƙasa, a'a ta ce. In ta ce, "Sai dai wani lokaci," kada ki koma jibi ki ce lokacin ya yi. Haka hoto. Sukan zo da na'urar nan a rataye a wuya kamar laya, kome suka gani sai su ɗaga. Tsohuwar da ke daka a tsakar gidanta ba ta fito don a kai fuskarta wata ƙasa ba. Ki tambaye ta, in ta ja mayafi ta rufe baki, ki sa hannu ki sauke na'urar, ko ran baƙuwar zai ɓaci. Gidan da ake zaman makoki ko mai jego ba ta yi arba'in ba, ki wuce shi kamar ba ki san da shi ba.

In kun shiga, kada ki tsaya kina nuni da yatsa kina cewa waɗannan Nufawa ne, waɗancan Yarbawa ne, kamar mai nuna awaki a kasuwar Ajingi. Ki ce wannan Iya Sikira ce, ta fi ni daɗewa a Kano, 'ya'yanta sun fi ni iya Hausar birni. Ki bar ta ta faɗi labarinta da bakinta, ke ki juya musu. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba.

Kuma tun a mota ki gaya musu al'adar yabo. Ki ce su yaba sau ɗaya su yi shiru. In wata ta manta, ta ƙyalla ido a kan tasa ko zane ko abin wuya, kada ki tsaya neman sanin ko an yi alkawarinsa. Ki ce an yi. Ba ƙarya kika yi ba, duk abin da mace ta ɗauko daga garinsu ta riƙe shi a ɗakin haya, akwai wadda take ajiye wa. In suna son abin tafiya da shi gida, ki kai su wurin masu yi, maƙera da dukawa da marina da masu saƙa, su saya a hannunsu a yi ciniki a fili. Mai sana'a ya samu, baƙo ya samu, ba a taɓa kantar kowa ba. Wata rana shugabanki zai ce kin cika tsauri, baƙi sun yi ƙorafi. Ki ba shi haƙuri, kada ki canja. Baƙo raɓa ne, gobe ya tafi. Ke za ki ci gaba da haɗuwa da matan nan a bakin rijiya.

Saura ƙullin.

Na yi ta neman hanyar da zan rama wa Ya Falmata. In na kai mata kyauta sai ta aiko da wadda ta fi ta. Sai na gane hanya ɗaya ce ta rage, ita ce hanyar da abin ya fita. In ta yaba wani abu nawa, zan ba ta, kuma ba ta da ikon ƙi, don al'adar da ta ɗaure mai bayarwa ta ɗaure mai yabo. Amma matar nan ta riga ni ganewa. Tun daga ranar ba ta ƙara yaba ko tsinke a ɗakina ba. Na fito da ƙoreina na jera, na ɗaura sabuwar atamfa, na sa mundayen Goggo ina ta kaɗa hannu a gabanta kamar mai korar ƙuda. Sai ta shigo ta zauna tana kallon rufi, kamar mai neman inda yake yoyo. Ranar da kakanki ya rasu muka tattara za mu dawo gona, na baje kayana duka a tsakar gida da gangan. Ta taya ni ɗaurewa tsaf, ta raka mu tasha, ta yi min addu'a, ba ta ce wani abu yana da kyau ba. Kantar nan kuwa har na baro gidan ba ta ɗora komai a kai ba. Kaskon yumɓun a ƙasa take ajiye shi.

Yanzu kwance ƙullin. Mundayen Goggo ne. Wani maƙerin farfaru, mai ƙirar azurfa, a Gaya ya ƙera wa mahaifiyarta su, ta ba Goggo, Goggo ta ba ni. Ko shekarun farin nan da aka sayar da awaki da tasoshi, ko da gyaɗa ta juya mana baya, ban kai su kasuwa ba. Naki ne, ranar aurenki ya kamata in sa miki su. Shi ya sa wannan ba umarni ba ne, roƙo ne, don haƙƙinki nake taɓawa. In ranki bai ba ki ba, ki mayar da su ƙasan akwati, wallahi ba zan riƙe ki da komai ba, laifin ba naki ba ne.

In kin yarda, ki sa su a hannu. Kada ki ce mata komai. Ki yi shara da su, ki yi wanke-wanke da su, ki miƙa mata ruwan alwala da su. Ta san su sarai, za ta gane abin da na aiko ki da shi tun kafin ki ajiye akwati, za ta koma kallon rufi. Ki yi haƙuri, ko zai kai shekara. Yagana tana da 'ya mace yanzu, ta kusa isa ɗaura zane. Kuma ina da dalilin sa rai. Tun ranar kaskon nan ba ta ƙara kirana Bafillatana ba, sai a saƙon da direban nan ya kawo. Da na ji kalmar na shiga ɗaki na rufe ƙofa, babanki yana ta tambaya ko lafiya.

Ranar da ta kalli hannunki ta ce, "Mundayen nan da kyau," kada ki jira ta maimaita. Kada ki waiwaya neman wanda zai ce an yi alkawarinsu, ni na aiko ki, kuma a wannan karon shirun nawa da gangan ne. Ki zare su ki sa mata a tafin hannu, ki rufe da naki. In ta ce me ke nan, ki ce, "Baiwarki ta Toranke ta ce a ɗora a kan kanta."

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki shiga gidan da ƙafar dama. Allah Ya tsare idonki da bakinki, Ya ba ki ƙarfin yin magana a inda uwarki ta yi shiru. Ya haɗa ki da mutanen kirki, baƙi da 'yan gida, Ya raba ki da sharrin hanya da na gari. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki gaishe da Iya Sikira, akwai ƙullin gyaɗa da kuka a cikin kwandon da na haɗa miki, nata ne, ki ce ba na akuya ba ne. Babanki da Sani suna sa miki albarka. Na yafe miki duniya da lahira, Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Innarki ta Toranke